Wace irin sandar golf ce ta dace da ni?

Alhaji, ka ce ka fara buga golf a Ikeja, ƙwallonka kullum ƙasa-ƙasa take tafiya tana karkata dama, kana tambayar ko laifin sanda ne. Idan da hannun dama kake bugu, ina kyautata zaton jikin sandar ya yi maka tauri.

Duba harafin da ke jikinta. L ta fi laushi, sai A, R, S, sannan X mafi tauri. Mai kaɗa doguwar sandar bugun farko da saurin mil 85 zuwa 95 a awa, galibi R ce tasa. Da yawa suna sayen S don kawai a ce suna da ƙarfi, alhali sandar ba ta lanƙwasa musu ta ɗaga ƙwallo. Kuma R ta wani kamfani ba lallai ta zo daidai da ta wani ba.

Nauyi ma abin dubawa ne. Ana yin jikin sanda da ƙarfe ko da girafait, wato haɗin zaren kabon. Girafait ta fi ƙarfe sauƙin nauyi, ba ta girgiza gwiwar hannu sosai. In ƙarfe ka zaɓa, ka riƙa goge shi bayan wasa, don danshin Legas ba ya raga wa ƙarfe.

Kafin ka fitar da kuɗi, sa mai koyarwa a kulob ya auna saurinka, ka ari R ka gwada.