Tambaya da Amsa: Sakamakon bogi a manhajojin musayar fayil, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon gyaran kwamfuta kusa da Taminus a Jos, kuma ina amfani da Shareaza da eMule wajen neman tsofaffin manhajoji da karatuttukan malamai na da. Duk abin da na rubuta sai sakamako ya fito barkatai da ainihin sunan da na nema, amma in na sauke sai in tarar ko dai bai buɗuwa, ko ya tura ni wani shafi, ko kwamfutar ta kama ciwo. Ga asarar data. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da kake gani ba lalacewar manhajarka ba ce, daga tsarin hanyar sadarwar kanta yake. Napster, wadda ta fara wannan harka a 1999, tana da rumbu guda da ke riƙe da jerin fayilolin kowa, shi ya sa kotun Amurka ta samu inda za ta kama har aka rufe ta a 2001. Gnutella, ɗaya daga cikin hanyoyin da Shareaza ke amfani da su, da ta fito a 2000, an gina ta ne ba tare da wannan rumbun ba: idan ka rubuta abin da kake nema, kwamfutarka tana miƙa tambayar ga wasu kwamfutoci, su ma su miƙa gaba, kuma duk wadda tambayar ta isa gare ta tana da damar amsawa. Babu mai duba ko amsar gaskiya ce.

Masu yaɗa bogi sun gane wannan tun da wuri. Suna ajiye kwamfutocin da ba su da komai a ciki sai wata 'yar manhaja mai karɓar kalmomin da ka rubuta, ta liƙa su a matsayin suna a kan fayil ɗinta, ta dawo maka da shi nan take. Kamar ɗan kamashon tasha ne wanda duk garin da ka ambata zai ce maka can motarsa za ta. Za ka iya gwada wannan yau a shagonka: rubuta haruffan da ba su da ma'ana, kamar "zqxkwt", ka danna bincike. Duk sakamakon da ya fito ɗauke da wannan sunan na bogi ne, tunda babu mahaluƙin da ke da fayil mai irin wannan suna. Ka lura da girman waɗannan fayilolin da adireshin da suka fito, ka toshe adireshin a sashen tsaro na Shareaza, domin su ne dai za su sake amsa maka gobe da wani sunan.

Ba 'yan damfara kaɗai suka gurɓata waɗannan hanyoyi ba. A farkon shekarun 2000 kamfanoni irin su Overpeer da MediaDefender sun karɓi kwangila daga masu haƙƙin waƙoƙi da finafinai don cika manhajar musayar fayil ta Kazaa da makamantanta da lalatattun fayiloli. Tun da kotu ta dakatar da LimeWire, manhajar da aka fi shiga Gnutella da ita, a 2010 mutanen kirki suka ragu ƙwarai a Gnutella, su kuwa na'urorin bogi ba su tafi ko'ina ba, shi ya sa a yau suka fi yawa a allonka.

Kafin ka sauke komai, ka fara da ƙarshen sunan fayil. Windows tana ɓoye shi in ba ka umarce ta ta nuna ba, don haka abin da ka gani a matsayin "tafsiri.mp3" yana iya kasancewa "tafsiri.mp3.exe". Ka shiga zaɓin folda (Folder Options) ka kunna nuna ƙarshen suna a kowace kwamfuta da ta shigo hannunka. Karatu ko bidiyo ba ya ƙarewa da exe, scr, bat, vbs ko lnk. Ka yi taka tsantsan da wma da wmv ma, domin ana iya dasa musu umarnin buɗe shafin intanet da sunan neman lasisi. Sai girma: sautin MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabait 1 a kowane minti, to karatun awa guda da ya zo a kilobait 200 ƙarya ne tun daga nesa. Fayil ɗin zip ko rar da ke neman kalmar sirri daga wani shafi, da bidiyon da ya ce sai ka girka wata manhaja kafin ya buɗu, duk ka goge su. Abin da manhajar kunna bidiyo ta VLC ta kasa kunnawa da wuya ya zama bidiyo na gaske.

A eMule kana da wata dama da mutane ba su cika amfani da ita ba. Hanyar tana gane fayil ne da lambar tantancewa da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, ba daga sunansa ba. Idan ka fara saukewa, ka buɗe bayanin fayil ɗin ka duba sunayen da sauran masu riƙe da shi suka ba shi. In ka ga fayil guda wani ya kira shi manhajar firinta, wani fim, wani waƙa, ka soke shi kafin ya ci maka data. Ka kuma share jerin sabobin (kwamfutocin da eMule ke bi ta kansu wajen bincike) da suka taru da kansu, ka hana manhajar karɓar sababbi daga baƙi, ka fi dogara da binciken Kad, wato binciken eMule da ba ya bi ta saba. Yawan masu fayil da ake nunawa a gefe kada ya ruɗe ka, mutum ɗaya yana iya fitowa da fuska ɗari.

Shawarata ta gaskiya ita ce ka rage dogaro da akwatin binciken nan gaba ɗaya. A BitTorrent, wadda Bram Cohen ya fitar a 2001, kowane yanki na fayil ana gwada shi da lambar da ke cikin torent ɗin, wato ɗan ƙaramin fayil mai bayanin abin da za a sauke, don haka muddin ka samo torent ɗin ko mahaɗin magnet da ke tsayawa a madadinsa daga shafin masu abin, babu mai iya cusa maka wani abu a hanya. Ubuntu da LibreOffice da Internet Archive duk suna bayar da nasu a shafukansu. Manhajar firinta kuwa, ka ɗauko ta daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar. Kyauta ce, kuma babu dalilin neman ta a hannun wanda ba ka sani ba. Manhajojin kuɗi da aka fasa su ne inda aka fi ɓoye cuta, ga kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 da ta hana rarraba su.

Tunda kwamfutocin jama'a kake taɓawa, ka ware tsohuwar kwamfuta guda don saukewa kawai, wadda babu bayanan banki ko hotunan kowa a cikinta. Duk fayil mai girkuwa da ka sauke, ka ɗora shi a VirusTotal, shafin binciken cutar kwamfuta, ya duba kafin ya hau filashin da kake sakawa a kwamfutocin kwastomominka.