Makarantar bariki: amsoshin tambayoyin iyaye daga Bauchi

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan makarantun sakandare da ke cikin barikokin soja ko a gefensu, inda 'ya'yan sojoji suka fi yawa a cikin aji. Biyu sun fito daga iyalan sojoji, ɗaya kuma daga farar hula, an kuma taƙaita su ba tare da an taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam, maigidana saje ne a barikin Shadawanka, an kuma yi masa canjin wurin aiki zuwa Inugu. 'Yarmu ta fari tana zango na biyu a aji biyu na babbar sakandare, a makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo da ke cikin barikin. Shi yana so mu tafi gaba ɗaya, ni kuma ina ganin a bar ta wajen yayata a unguwar Yelwa har ta gama. Wanne ya fi?

Amsa: 'Yar'uwa, ra'ayinki ya fi kusa da daidai, amma da sharaɗi, kuma kafin in zo kan sharaɗin zan faɗi dalilin da ya sa na goyi bayanki, domin ki samu abin da za ki gabatar wa maigida cikin ladabi.

Shekaru uku na babbar sakandare a haɗe suke a wajen hukumomin jarrabawa. Kafin makaranta ta yi wa ɗalibi rajistar WAEC, sai ta shigar da makin gwajin da ya samu a aji, wanda malamai ke kira CA, a shafin hukumar na intanet, kuma makin yana farawa ne tun daga aji ɗaya. Wannan na cikin abin da ya sa makarantu da yawa ba sa son karɓar sabon ɗalibi a ajin ƙarshe, wasu ma sukan ce sai dai ya maimaita aji biyu. Idan kuka tashi yanzu, yarinyar za ta isa sabuwar makaranta ana dab da rufe shekara, ga shi shekarar karatu tana farawa ne a watan Satumba, saboda haka za a auna ta a jarrabawar zango na uku da abin da wasu malamai suka koyar a gabanta ba ta nan.

Akwai kuma batun darussa. Turanci da Lissafi duk inda aka je ana koyar da su, amma darasin sana'a da kowane ɗalibi ke zaɓa ya danganta da abin da makarantar take da malaminsa da kayan aikinsa, don haka wanda ta fara a Bauchi ba lallai ne ta same shi a can ba. Idan tana ɗaukar Hausa ko darasin addinin Musulunci, samun malaminsu a makarantar gwamnati a Inugu abu ne da sai an bincika tukuna. Ɗalibar da ta rasa darussa biyu daga cikin waɗanda za ta rubuta, alhali saura mata shekara ɗaya da 'yan watanni, an ɗora mata nauyin da bai zama dole ba.

Sharaɗin shi ne gidan da za a bar ta. Ki tambayi kanki tsakani da Allah ko gidan yayarki wuri ne da budurwa za ta samu lokacin buɗe littafi bayan magariba, ko kuwa ana jiran ƙarin hannu ne a kicin da wajen raino. Ba zargi nake yi ba, amma zaman riƙo ya sha cinye karatun yara mata ba tare da kowa ya yi niyyar cutarwa ba. A yi maganar a fili tun yanzu: wa zai biya kuɗin Keke Napep na zuwa da dawowa, wa zai halarci taron iyaye da malamai, wa za a kira idan ta kwanta rashin lafiya. A kuma je wajen shugaban makarantar a sanar da shi cewa uban ya bar bariki, a rubuta sunan yayarki da lambar wayarta a matsayin mai kula da ita, sannan a tambaya ko za ta buƙaci wata shaida ta shiga ƙofa tun da yanzu daga cikin gari za ta riƙa zuwa.

Idan kuma aka duba aka ga barin ta ba zai yiwu ba, to kada ku ɗaga ƙafa daga Bauchi sai da takardunta a hannu: takardar canjin makaranta mai hatimi da sa hannun shugaban makaranta, katin sakamakonta na kowane zango tun daga aji ɗaya, sakamakon jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, takardar haihuwa, da takardar lambar NIN, wadda ake nema wajen rajistar WAEC da JAMB. Ki shimfiɗa su a kan tabarma ki karanta sunan da ke kan kowace ɗaya harafi bayan harafi. 'Ya'yan sojoji sun fi kowa faɗawa wannan rami, domin a wata makaranta an rubuta A'isha, a wata Aishatu, a wata kuma an sa sunan kaka a madadin na uba, ranar haihuwa ma takan bambanta, sai ranar rajistar shiga jami'a a tarar kwamfuta ta ƙi karɓa. Gyaran suna tun yarinya tana aji biyu abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta shi da gyaransa bayan sakamako ya fito. Ki ɗauki hoton kowace takarda da waya, ki kuma ajiye kwafi a wajen yayarki.

Abu na ƙarshe da za ki tambaya, ko ta zauna ko ta tafi, shi ne kuɗin jarrabawa. Gwamnatocin jihohi da dama sukan biya wa ɗaliban makarantunsu bayan jarrabawar tantancewa, amma sau da yawa ana duba asalin jihar ɗalibi, kuma 'ya'yan bariki da yawa ba 'yan asalin jihar da suke zaune ba ne. Gara ku sani da wuri ku fara tanadi.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Muda Lawal. Ɗana zai shiga ƙaramar sakandare, kuma ya fara taurin kai. Abokai sun ce in kai shi makarantar bariki domin akwai horo da tsaro. Shin ta fi makarantar kuɗi da ke kusa da gidana?

Amsa: Alhaji, da farko a bambance abubuwa uku da mutane ke haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai makarantar gwamnatin jiha wadda aka gina a filin bariki, malamanta ma'aikatan jiha ne, jiha ce ke biyan su, ita ce kuma ke tura su ko ta ɗauke su. Akwai makarantun Command, waɗanda rundunar sojan ƙasa ke gudanarwa ta hannun sashenta na ilimi, ana shigarsu da jarrabawa, ana biyan kuɗi, kuma abin da farar hula ke biya ya fi na ɗan soja. Sannan akwai makarantun horon soja sosai, kamar wadda ke Zariya da aka kafa a 1954, da ta sojan sama da ke Jos, inda yaro ke kwana, yana fareti, yana rayuwa a ƙarƙashin dokar soja. Abokanka suna kwatanta maka ta uku ne, alhali wadda za ka samu cikin sauƙi ita ce ta farko. A irin wannan makaranta katanga da ƙofa na soja ne, amma abin da ke faruwa a gaban allo yana hannun ma'aikatar ilimi, kamar kowace makarantar gwamnati a cikin gari.

Batun tsaro gaskiya ne, ba kuma ƙaramin abu ba ne ga duk wanda ya tuna Buni Yadi da Chibok a 2014, ko Dapchi a 2018. Yaron da ya shiga ta ƙofar da soja ke gadi ba zai sulale ya tafi gidan kallon ƙwallo da ƙarfe goma na safe cikin sauƙi ba, masu tallar banza ma ba sa kai wa bakin aji. Sai dai ƙofar da ke hana ɓata-gari shiga ita ce za ta tsayar da kai ranar da ka zo a gaggauce, kuma duk lokacin da aka tsaurara tsaro, bincike yakan ƙaru, layi ya yi tsawo, yaran cikin gari su makara. Ka lissafa wannan tare da kuɗin mota na kullum daga unguwarku, domin makarantar da ba a biyan kuɗinta tana iya cin kuɗin sufuri da ya kusa kai na makarantar kuɗi mai araha.

Amfanin da ba a cika ambata ba, wanda ni na fi ba shi muhimmanci a kan horo, shi ne cuɗanya. A aji ɗaya ɗanka zai zauna da ɗan Tibi, da Bayarabe, da Ibo, da Basayi, da Bajari, Musulmi da Kirista, yaran da wasunsu sun zauna a jihohi uku kafin su kai shekara goma sha biyu. Bakinsa zai buɗe da Turanci da wuri. A lura dai cewa harshen bariki da na kasuwar Mami buroka ne, kuma buroka ba ya cin jarrabawa, saboda haka kada jin yaro yana zuba ya sa a ɗauka rubutunsa ma ya gyaru.

Gani ya kori ji, don haka ka ziyarci makarantun biyu a ranar karatu, ba ranar da aka gayyaci iyaye ba. Ka leƙa aji ka ga yara nawa ne a kan benci ɗaya da kuma ko akwai na ƙasa. Ka roƙi wani ɗalibi ya nuna maka littafin rubutunsa na Lissafi, ka duba kwanan watan aikin ƙarshe, ka ga ko akwai jan biro na malami a kai, domin littafin da aka yi makonni ba a duba shi ba ya gaya maka abin da shugaban makaranta ba zai faɗa ba. Ka tambayi malaman Lissafi da Turanci nawa ne na dindindin, nawa ne masu yi wa ƙasa hidima da za su tafi bayan shekara. Ka nemi ganin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da idonka, ka kuma nemi sakamakon WAEC da NECO na shekarun baya. Wadda ta fi a waɗannan ita ce zaɓinka, ko a bariki take ko a bayan gidanka.

Game da taurin kai kuwa, zan faɗa maka abin da ba ka tambaya ba. Yaro yana makaranta ne daga safe zuwa azahar, sauran yinin kuma yana hannunka da na mahaifiyarsa. Tsallen kwaɗo a bakin ƙofa yana hana makara, amma ban ga yadda zai maye gurbin uban da ke dawowa daga kasuwa ya zauna ya tambayi ɗansa abin da aka koya masa ba.

Tambaya: Malam, mijina kofur ne, yana bakin daga a Borno, ni ke riƙe da yara uku a bariki. Ɗana na fari zai shiga babbar sakandare, yana kuma burin shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja. In sayi littattafan shekara uku da yunifom da yawa yanzu kafin su ƙara tsada? Kuma karatu a makarantar bariki zai ba shi fifiko?

Amsa: Allah Ya dawo da maigida lafiya, 'yar'uwa. Kada ki sayi na shekara uku. Iyalin soja ba su san inda za su wayi gari baɗi ba, kowace makaranta da launin yadinta da jerin littattafanta, manhaja ma ana sabunta ta. Yunifom biyu sun isa, ki ce wa tela ya bar sarari a kafaɗa ya kuma naɗe ƙafar wandon ta ciki, domin yaro a wannan shekarun yana tsawo ne kamar dawa a watan Agusta. A littattafai ki fara da na Turanci da Lissafi da na kimiyya idan ɓangarensa ke nan, sauran ki jira malamin darasi ya faɗi wanda zai yi aiki da shi. Ki kuma yi magana da magajiyar layinku, wato shugabar matan sojoji ta layin, domin kusan kullum akwai iyalin da ke haɗa kaya za su tashi, suna neman wanda zai karɓi littattafan 'ya'yansu a farashi mai sauƙi. Abin da ya rage a hannunki ki ajiye shi domin kuɗin rajistar jarrabawa da darasin yamma a ajin ƙarshe.

Makarantar bariki ba ta ba da tikitin shiga NDA. Wannan makaranta da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, tana ɗaukar ɗalibai daga kowace jiha, kuma mai nema sai ya samu aƙalla kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ya zaɓe ta a matsayin zaɓi na farko a JAMB, ya ci jarrabawar tantancewarta, sannan ya tsallake gwajin lafiya da na ƙarfin jiki da ganawa da hukumar zaɓe. Ana raba guraben ne bisa jihar asali, saboda haka ki nemo masa takardar shaidar ƙaramar hukumar mahaifinsa tun yanzu, ki kuma tabbatar sunan da ke kanta ya yi daidai da na NIN ɗinsa. Akwai iyakar shekaru da ake sanarwa a tallar kowace shekara, don haka a guji duk abin da zai sa ya maimaita aji ba da dalili ba.