Bazawara mai rubuta waƙa kan halin da mata ke ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni bazawara ce mai 'ya'ya uku. Ina rubuta waƙoƙi kan sakin wulaƙanci, mutuwa wajen haihuwa da cire yarinya daga makaranta. Wata ƙungiyar masu rajin kare haƙƙin mata ta gayyace ni in karanta su a taro, yayana ya ce haramun ne, wai muryar mace al'aura ce. Ɗaya daga ciki a kan tsohon mijina take. Ban faɗi sunansa ba, amma duk unguwarmu za a gane shi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Waƙa magana ce, kyakkyawarta halas, mummunarta haramun, ko mace ta rubuta ko namiji.

Maganar yayanki wasu malamai sun faɗe ta, amma tana da rauni. Aya ta 32 a Suratul Ahzabi karya murya ta hana, kuma a ƙarshenta aka ce wa matan Annabi (SAW) su faɗi magana ta alheri. Ta yaya za a umarce su da bayyana al'aura? Hadisin da ya ce mace ta tafa hannu idan liman ya yi rafkanwa hukunci ne na cikin sallah, ba a fitar da shi waje. Nana A'isha ta ruwaito hadisai 2,210, kuma maza da yawa daga bakinta suka ji ta bayan shamaki. Khaula 'yar Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta wurin Annabi (SAW), Allah ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci jajis ɗinta, wato malamai mata da ta horar, suka karantar da matan ƙauyuka. Don haka ki karanta cikin sutura da muryarki ta yau da kullum, ba rangwaɗa, ba kiɗa, ba cakuɗa da maza.

Inda na tsaya shi ne waƙar tsohon mijinki. A hadisin Ummu Zar'in mata goma sha ɗaya sun siffanta mazajensu, wasu da aibi, malamai suka ce ba gulma ba ce saboda ba a san mazan ba. Ke kuwa da bakinki kin ce za a gane shi, to ɓoye sunan bai amfana komai ba. Idan kuma akwai sirrin shimfiɗa a ciki, laifin ya ƙaru. Ki canza ta har a kasa gane shi, ko ki ajiye ta. In yana riƙe da haƙƙinki ko ciyarwar yara, ki kai shi gaban alƙali, can ya halatta ki faɗi komai. Uban 'ya'yanki ne, wata rana za su karanta.

Ƙungiyar kuma ki bincika abin da take kira gare shi. In karatun mata ne da hana zalunci, Shehu da kansa ya yi faɗa da mazan da ke barin matansu cikin jahilci. In kin ji ana sukar rabon gado ko halascin ƙarin aure, ki janye.

Ina kuma jin ciwo a wasiƙarki. Kada alƙalaminki ya tsaya kan laifin maza kaɗai. Akwai maraya, akwai almajiri, akwai tsohon da 'ya'yansa suka yasar. Yayanki kuma ki je masa da ladabi, kishinki yake yi. Wallahu a'alamu.