Na'urorinmu suna jin juna a Kano, amma reshen Kaduna shiru

Tambaya: Malam, ni ke kula da na'urorin auna zafi da matsi a wata masana'anta a Kano. Suna musayar bayanai ta tsarin sadarwar na'urori na DDS lafiya lau, amma da muka buɗe reshe a Kaduna ko ɗuriyarsu ba a ji a can. Dillali ya ce mu sayi manhajarsa mai bi ta hanyar aika bayanai ta TCP. In saya? (Wani injiniya, Kano)

Amsa: Injiniya, dakata tukuna. Na'urorinka ƙalau suke. DDS, wanda OMG, ƙungiyar tsara ƙa'idojin manhaja, ta fitar a 2004, yana aika saƙo ne bisa ƙa'idar RTPS, ita kuma a kan UDP aka ɗora ta, wato hanyar aika saƙo ba tare da jiran tabbacin isarsa ba. Duk na'urar da aka kunna sai ta yi shela a adireshin 239.255.0.1, galibi ta ƙofa ta 7400, 'yan uwanta su amsa. To, wannan shela kamar ta sankira ce, iyakarta unguwa. Intanet ba ya ɗaukar ta. Ga kuma layin waya, inda kamfani kan tara dubban mutane bayan adireshi guda, na waje bai isa ya fara kiranka ba.

TCP, hanyar da ke tabbatar kowane saƙo ya isa bi da bi, kan ratsa wannan shinge, dillalinka bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa maka ba shi ne, a kan UDP ne manhajojin DDS irin su Connext da Fast DDS da Cyclone DDS suka saba fahimtar juna. Da aka zo kan TCP, kowane kamfani hanyarsa ya fara ƙirƙira, shi ya sa OMG ta nemi a samar da ƙa'ida guda. Ka sayi na wannan yau, gobe ka kawo na'urar wancan, su ƙi gaisawa. Sannan TCP na da wani hali: ƙunshin bayanai ɗaya ya ɓace, duk na bayansa su tsaya jira. Ga awon zafi da ke sauyawa kowace daƙiƙa, tsohon adadi me zai tsinana maka?

Da ni ne, sai in bar kowane reshe da UDP ɗinsa, in ajiye ƙaramar kwamfuta ɗaya a kowane ɓangare ta zama gada, in haɗa su ta WireGuard, manhajar da ke buɗe kulalliyar hanya a intanet, in tsallakar da bayanan da ake bukata kawai. Wata manhajar sadarwa mai suna Zenoh ma na da irin wannan gada, kyauta. In har sai ka saya, ka ce dillali ya haɗa manhajarsa da ta wani kamfanin a gabanka, a kan layin da za ku yi aiki da shi, kafin ka sa hannu.

Tambaya: Mitocin sola nake son karantawa daga nesa, sau ɗaya a minti. DDS ko MQTT? (Wata mai sana'ar sola, Maraɗi)

Amsa: MQTT, Hajiya, ba sai an ja zance ba. A wannan tsarin aika saƙo, mitar ce ke kiran uwar garke, wato kwamfutar da ke tara bayanan, da kanta, don haka layin waya bai dame ta ba. Ki dai tabbatar wadda za ki saya tana aiki ta ƙofa ta 8883 mai kullen tsaro na TLS, kuma tana barin ki sa adireshin uwar garkenki da hannunki.