Fagen Tambayoyin Saƙa: Suwaita Daga Wuya Zuwa Ƙasa, Ba Ɗinki

Tambaya daga Jos: Assalamu alaikum. Na iya saƙar tsinke biyu, amma suwaita sai in saƙa gaba daban, baya daban, hannuwa daban, sannan in haɗa da allura, kuma kullum kafaɗa sai ta fito da tudu. An ce akwai wadda ake farawa daga wuya ba ɗinki ko ɗaya. Yaya ake yin ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai, kuma wadda ta iya hula ta riga ta iya rabin aikin. Abin da za ki nema shi ne tsinken saƙa mai igiya, wato tsinke biyu da siririyar igiya ta haɗa gindinsu, ta yadda za ki riƙa zagayawa ba tare da juya aiki ba. Ki samu mai tsawon santimita 40 don wuya da hannuwa, da mai santimita 80 don jiki.

Ga lissafin rigar da faɗin ƙirjinta zai zagaya santimita 100, da zare matsakaici wanda ido 22, wato madaukan zaren da ke kan tsinke, ke ba da santimita 10 a tsinke mai kaurin milimita 4. Ki ɗora ido 96 a tsinke mai milimita 3.5, sakwa-sakwa don kai ya wuce, ki yi saƙar roba, wato mai miƙewa irin ta bakin hula, ta santimita 3. Sai ki koma milimita 4 ki raba: 36 baya, 10 hannu, 36 gaba, 10 ɗaya hannun. Hudun da suka rage su ne kan iyaka, ɗaya tsakanin kowane kashi biyu, ki ɗaura musu ɗan zare mai wani launi don kada su ɓace miki.

Kafin ki yi nisa, ki ɗaga bayan wuya da gajerun layuka: ki saƙa idon baya da na hannuwa kawai, ki juyo, ki sake, har baya ya fi gaba tsawo da kamar santimita 2. Wadda ta tsallake wannan za ta ga riga tana shaƙe ta a maƙogwaro tana zamewa a ƙeya.

Daga nan ƙari ne: ido ɗaya a kowane gefe na idon iyaka, takwas ke nan a zagaye, sai zagaye na gaba a wuce ba ƙari. Bayan ƙari sau 31 kina da ido 344. Ki zare ido 72 na kowane hannu ki ajiye a kan zare, ki ɗora sabon ido 10 a kowace hammata, jiki ya zama 220. Ki sauka har inda kike so. Daɗin wannan hanya shi ne a kowane mataki za ki iya zura rigar a jikin mai ita ki gani. Ki tanadi zare kamar mita 1,200 zuwa 1,400, kuma ki saye shi gaba ɗaya, domin launi ɗaya na rini daban-daban yakan bambanta, kuma sai a rana bambancin ke bayyana.

Tambaya daga Damagaram: Ina son ado mai launi biyu, amma riƙe zare biyu lokaci guda yana cukurkuɗe mini. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, ita ce saƙar zame ido. Zare ɗaya kike riƙewa a kowane zagaye. Idon da kike so ya ci gaba da tsohon launinsa ba ki saƙa shi, sai ki zamar da shi daga tsinken hagu zuwa na dama yadda yake. Sharaɗi biyu ne. Ki soka tsinke kamar za ki yi saƙar baya, wato daga dama zuwa hagu ta gaban idon, don kada idon ya murɗe. Sannan zaren da kike aiki da shi ya bi ta cikin riga.

Ki fara da adon bulo, wanda ke maimaituwa duk ido huɗu. Zagaye biyu da fari, saƙar gaba zalla. Zagaye biyu da shuɗi: saƙa uku, zame ɗaya, har ƙarshe. Fari biyu kuma. Sai shuɗi biyu, amma a gusa: saƙa ɗaya, zame ɗaya, saƙa biyu. Farin idon da aka zame yana miƙewa sama ya ratsa shuɗin kamar siminti tsakanin bulo. Ido 220 na jiki ya rabu da huɗu daidai. Hannu kuwa zai ba ki 82, sai ki rage biyu ya koma 80. Launukan su yi nisa da juna, mai duhu da mai haske. Ruwan toka da shuɗi mai haske za su haɗiye adon. Wurin canjin launi yakan bar ɗan mataki, don haka ki sa farkon zagaye a layin iyaka na bayan kafaɗa, in an sauka jiki kuma a ƙarƙashin hammata.

Tambaya daga Kano: Na bi lissafin ƙari daidai, na sa adon zame ido tun daga wuya. Adadin ido ya cika, amma riga ta matse hammata har hannu ba ya ɗaguwa, jikinta kuma ya tattare. Ina na yi kuskure?

Amsa: Malama, ƙirgarki daidai take. Matsalar tana cikin halin wannan saƙa, kuma tana kama har ƙwararru. Idon da aka zame bai ƙara tsawo ba, yana nan yana janyo maƙwabtansa ƙasa. Saboda haka inda saƙa zalla za ta ba ki santimita 10 da zagaye 30, ta zame ido tana iya cin zagaye 40 kafin ta kai haka. Ƙari sau 31, ɗaya bayan ɗaya, zagaye 62 ne. A saƙa zalla wannan ya haura santimita 20 daga wuya zuwa hammata. A taki bai kai 16 ba. Kamar santimita biyar da suka ɓace su ne ke cizon hammatar.

Gyaran shi ne a baza ƙarin. Idan gwajinki, wato ɗan ƙyallen da kika saƙa don aunawa, ya nuna zagaye 40 a santimita 10, kina buƙatar zagaye 80 don samun santimita 20. Ki yi ƙari 22 na farko a kowane zagaye na biyu, zagaye 44 ke nan, sauran 9 kuma a kowane zagaye na huɗu, 36. An cika 80, ido bai canza ba. Ba sai kin warware duka ba: ki koma zuwa ƙari na 22 ki ɗora daga nan.

Tattarewar kuwa daga zaren da ke bi ta bayan idon da aka zame take. Ki juya rigar ciki waje ki duba. Idan waɗannan gajerun zaruruwa sun miƙe tsaf kamar tsirkiya, sun yi tauri. Ya kamata su kwanta da ɗan lanƙwasa, har ƙumba ta iya shiga ƙarƙashinsu. Dabarar ita ce ki baje idanun a kan tsinken dama kafin ki saƙa na gaba. Ki ƙara kaurin tsinke da rabin milimita a wurin ado, ki koma ƙarami a saƙa zalla, in ba haka ba za a ga ƙugu inda babu ƙugu. Kuma kada ki zame fiye da ido uku a jere.

A ganinmu, duk wannan wahala tana farawa ne daga ƙyallen gwaji. Mutane suna gwada saƙa zalla, ko su yi gwajin kai-da-komo alhali rigar a zagaye za a yi ta, kuma hannun yawancin masu saƙa yakan bambanta tsakanin saƙar gaba da ta baya. Ki yi gwajin da ainihin adon, a zagaye, faɗin santimita 15 aƙalla, ki wanke shi ya bushe, sannan ki ƙirga ido da zagaye duka biyu.

Tambaya daga Kaduna: Ƙananan ramuka biyu suna fitowa a kowace hammata. Kuma ko guga za ta daidaita adon?

Amsa: Ramukan suna kusurwar da sabon ido ya haɗu da tsoho. Idan kika zo ɗaukar hannu, ki tsinci ƙarin ido ɗaya a kowace kusurwa, a zagaye na gaba ki haɗa shi da na kusa. Jelar zaren da kika fara da ita ki bar ta da tsawo, ki toshe abin da ya saura da ita.

Guga kuwa ki duba takardar zaren tukuna. Ulu na gaske ana jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi, a matse cikin tawul ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa, sai adon ya kwanta. Zaren roba, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, zafin dutsen guga yana kashe shi: ya yi laƙwas, ya yi ƙyalli, kuma ba ya dawowa. Ki riƙe dutsen sama da rigar da kamar yatsa biyu, tururi kawai ya taɓa ta, ki daidaita da tafin hannu. Kada ki rataye ta a jiƙe, nauyin ruwa zai ja wuyan ya buɗe.