Muryar Yaya Dakta a gurup ɗin ɗaliban likitanci 'yan Katsina, amsar tambayar Auwalu

Assalamu alaikum, ku yi haƙuri da hayaniya, ina mota ne wajen Ƙofar Ƙaura. Auwalu ƙanena na ji tambayarka, wai likitan da ya kama bincike ya bar duba marasa lafiya ke nan, kuma ta ina ake shiga. To a'a, wallahi bai bari ba, ai tambayar binciken ma a gefen gadon majinyaci ake tsintar ta.

Hanyar dai ka san ta, shekara 6 a makaranta, hausjob, wato aikin koyo a asibiti, shekara 1, bautar ƙasa, sannan ka ci furaimari, wato jarrabawar farko ta kwalejin ƙwararrun likitoci, ta National ko ta West Africa, ka shiga residansi, horon ƙwarewa ke nan, a medisin, wato sashen manya masu hawan jini, suga, ƙoda, zuciya. Kafin ka zama kwansaltan, wato ƙwararren likita, dole ka rubuta dizateshan, kundin bincike na jarrabawar ƙarshe da ake kira Part 2, to nan ne ake gane mai son abin da wanda ke son ya rabu da ƙaya kawai.

Shi wannan binciken ana kiransa efidimiyoloji ta asibiti, to ita mi ce ce? Ƙirga ne da hankali. Kai a kilinik mutum ɗaya ke gabanka, shi kuwa mai bincike sai ya tara ɗaruruwa ya ce wa ya warke, wa bai warke ba, mi ya raba su, kuma anya ba sa'a ba ce kawai? Saboda ido na yaudara Auwalu, wanda ya ji sauƙi shi ke dawowa ya yi maka godiya, wanda maganin bai karɓe shi ba yana can ƙauye ya koma wajen mai sassaƙe ko an yi jana'izarsa ba ka ji ba, sai ka zauna kana cewa maganina na aiki.

Ku tuna Zamfara a 2010, wajen Anka da Bukkuyum, yara na ta jijjiga suna mutuwa, an ɗauka maleriya ce, ana ba da magani shiru. Sai da aka tsaya aka lura garuruwan da ake niƙa dutsen zinare cikin gida ne abin ya yi ƙamari, aka gwada jini, ashe gubar dalma ce, yara sama da 400 suka tafi. Haka wani likita John Snow ya yi a Landan a 1854, ya bi gidajen masu kwalara har ya kai ga famfo guda da ruwansa ke yaɗa cutar.

Amma kar in yi maka daɗin baki, wuya akwai ta. Ni lokacin nawa sai in gama kol, wato aikin kwana a asibiti, in shige ɗakin fayil, ƙura kamar hunturu, rabin katunan ba a rubuta nauyin majinyaci ba, wasu ma sun ɓace, ga kwamitin ɗa'a sai ya sa hannu kafin ka taɓa komi. Kuɗi kuwa, hmm, abokinka mai asibitin firaibet zai riga ka yin gini a GRA, wannan ka sa a ranka tun yanzu.

In da gaske kake ka nemi mastas a lafiyar al'umma ko efidimiyoloji, ABU Zariya na yi, ka koyi lissafin ƙididdiga da hannunka, da manhajar kwamfuta irin SPSS ko R, kar ka riƙa ba wani ya yi maka. Kuma ka liƙe wa kwansaltan ɗin da ke rubutu ko da jakarsa za ka riƙa ɗauka. Ga ɗan Karota, au, ɗan sanda na tsai da ni, sai an jima, ka same ni bayan Isha'i in nuna maka dizateshan ɗina.