Yanke haɗi daban, fita daban

Kai yaro, tambayarka ita ce: in ka shiga kwamfutar ofis daga gida ta Remote Desktop, ka kunna aiki mai tsawo, sai data ta ƙare, aikin zai ci gaba? Zai ci gaba, muddin haɗin ne ya yanke. Ko X ɗin sama ka danna, Windows na riƙe maka komai. Sign out ne ke kashe shi. Da iyakar maganar ke nan, da ko kallonka ba zan yi ba.

Wani Alhaji mai kamfanin zanen gine-gine ka tuna mini. Na haɗa masa injin da hannuna, na kunna masa fitar da hotunan wani rukunin gidaje da la'asar, na yanke, na tafi gida. Da asuba sai ga waya, yana ta kumfar baki, wai aiki ya mutu, masu kwangila na jira, na cuce shi. Na je ko karyawa ban yi ba. Na buɗe Event Viewer, wato rajistar da Windows ke rubuta abin da ya faru a inji, sashen TerminalServices-LocalSessionManager: lamba 24, wato lokacin da na yanke, bayan awa ɗaya cif, lamba 23, wato an fitar da ni. Ashe ɗan ƙanwarsa, wanda yake kira injiniya saboda ya iya kallon YouTube, shi ya shiga gpedit, inda ake saita dokokin Windows, ya sa wa zaman Remote Desktop da aka yanke wa'adin awa ɗaya, wai don injin ya huta. Na juya allon na nuna wa Alhaji da yatsa. Ya gyara hula ya ce shi bai san lamba ba, aiki ya sani. Cikon kuɗina har yau yana aljihunsa, kuma ya bi abokansa yana cewa ban iya ba. Ni! Allah ya isa.

Saboda haka kafin ka kunna komai, buɗe gpedit.msc, ka bi ta Remote Desktop Session Host zuwa Session Time Limits, ka mai da "Set time limit for disconnected sessions" kan Never. In injin na ƙarƙashin domain, wato uwar garken kamfani ce ke juya shi, dokar sama na iya danne taka, sai ka duba da umarnin gpresult, mai nuna dokokin da ke aiki a kan injin. Barcin kwamfuta, da Windows Update mai sake kunna inji cikin dare, da UPS saboda NEPA, ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Ku yaran yanzu komai sai an tauna muku.

Saura guda. Manhajar da ke danna maɓallai da kanta a kan allo takan tsaya in ka yanke, don babu allon da za ta gani. Maganinta tscon, umarnin da ke mai da zamanka kan allon injin ofis: a Command Prompt ka samo lambar zamanka da query session, ka rubuta tscon, lambar, /dest:console a matsayin admin. Amma fa allon ofis zai zauna a buɗe ba makulli, sai ka kulle ƙofar ɗakin ka riƙe mabuɗin a aljihunka.